Ranar da Aka Wanke Duwatsun Yaranmu

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Nakan shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina abin da ya kawo ni. Amma akwai wata safiya guda, cikin shekarun nan na casa'in, da ba zan manta da ita ba har ranar da za a rufe ni da ƙasa. Duk sanda ta faɗo mini a rai sai in ji ƙirjina ya ɗauki zafi kamar jiya abin ya faru. Jikokina sun san haka. In suka ga na yi shiru ina murza gemu, sai su ce wa juna, tsoho ya tuna duwatsu.

Ƙauyenmu yana gindin wani tsauni tsakanin Keita da Buza. Bayan gari akwai wani kwazazzabo mai zurfi da ruwa ya yanka a jikin tsaunin. In ka tsaya cikinsa ka ɗaga kai, za ka ga ƙasar hawa-hawa: can ƙasa laka ce mai launin toka, a tsakiya farin dutse, a sama kuma jan dutse. Tun muna yara muke zuwa wurin muna tsintar wasu duwatsu masu kama da ƙosai, da zanen tauraro a bayansu. Babu dutsen da ya kai su daɗin majaujawa. Da su muke korar tsuntsaye daga gonar dawa, da su iyayenmu suka kora. Ba wanda ya taɓa tambayar kansa wa ya zana musu tauraron nan.

Ina da ɗa, na biyu a cikin 'ya'yana maza, wanda a lokacin yake ajin ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko. Ya riga ya faɗi jarrabawar satifika, yana maimaita aji. Yaro ne mai shiru. In ka sa shi ya karanta takarda sai gumi ya keto masa, amma in ka ba shi majaujawa zai kakkaɓo maka tsuntsu daga kan zangarniya bai taɓa dawar ba. Yayana, wanda muke uba ɗaya, shi ne babban dillalin albasa a yankinmu, shi ne kuma shugaban kwamitin iyayen yara. Kowa Alhaji yake ce masa, har ni. Ya sha ce mini, "Yaron nan naka ba na boko ba ne. Ba ni shi in sa shi ga mota, ya bi kaya zuwa Abijan, ya koyi abin yi." Ni kuwa na yi lakwal kaɗan aka cire ni, kuma abin bai bar raina ba. Sai na ce masa a bar yaron ya ƙarasa shekarar nan, in ya sake faɗuwa ko ya ce ba ya so, to, ga shi nan. Haka muka tsaya. Shekarar nan ita ce ta ƙarshe da yaron yake da ita.

Bayan an gama girbi sai ga wata mata daga Yamai. Ma'aikaciyar gidan tarihi ce, inda ake ajiye ƙasusuwa da kayan mutanen da. Mushen yaran, wato malaminsu, wani saurayi Kirista ɗan wajen Galmi, shi ya rubuta musu ya ce su zo su ga abin da ke bayan garinmu. Madam muke ce mata. Doguwa ce, Hausarta da ɗan karkacewa irin na Zabarmawa, kuma ba ta jin kunyar durƙusawa cikin ƙasa da zanenta mai kyau. Gidana yana manne da lakwal, makullin magazar lakwal, ɗakin ajiyar kaya, shi ma a hannuna yake, saboda haka ina tsaye a bakin darni ranar da ta tara yaran.

Ta ga majaujawa rataye a wuyan ɗana, ta ce ya nuna mata dutsen da yake harbi da shi. Ya ciro ɗaya daga aljihu. Ta juya shi a tafin hannunta ta ce, "Ina ka samo wannan?"

Ya ce, "Bisa dutsi."

"Ina a bisa dutsi? Ƙasa, ko tsakiya, ko sama?"

Ya ɗaga kafaɗa. Yara suka kwashe da dariya, don sun saba ganin bai san amsa ba. Madam ba ta yi dariya ba. Ta ce wannan abin da ke hannunta wata dabba ce ta cikin teku da ta zama dutse, kuma a da can, kafin a yi mutane a nan, teku ce ta rufe duk ƙasar Adar. Ta ce su a Yamai suna so su san wace dabba ta riga wace, wace ta zauna a ƙasa, wace ta zo daga baya, amma ba su da ƙafafun da za su taka kowane kwazazzabo. "Ku kuna da ƙafafu, kuna da idanu, kun fi mu sanin wurin nan. Ku ne za ku yi aikin. Amma ku ji da kyau. Dutsen da ba a san inda aka ɗauke shi ba, ba ya gaya wa kowa komai."

Maganar teku ta ba gari dariya har mako ya zagayo. Mu da muke haƙa rijiya gaba da gaba kafin mu ga laima! Liman ne kaɗai ya ce shi bai ga abin mamaki ba, ai an yi ɗufana a zamanin Annabi Nuhu, Allah kuma mai iko ne a kan komai. Daga nan masu dariyar suka rage murya.

Ga yadda ta tsara musu aikin. Ta ba su doguwar igiya mai ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da lambarsa. Ana kafa bakin igiyar a gindin kwazazzabo, a ja ta har sama. Duk abin da yaro ya tsinta, kafin ya ɗaga ƙafa daga wurin sai ya dubi ƙullin da ke daidai da shi, ya rubuta lambar a jikin dutsen. Ta hana su kankare ƙasar da ke manne da shi, ta ce ita ma ƙasar shaida ce. Kowane ƙulli kuma da gwangwaninsa ko tsumman buhunsa dabam. Ta yi musu alkawarin za ta dawo kafin damina ta kwashi kayan. Waɗanda suka fi ƙoƙari za ta kai su Yamai lokacin hutu, su jera duwatsun cikin gilashi da hannunsu, a rubuta sunan garinmu a ƙasa. Ta bar musu ɗan gwangwanin fenti. Bai daɗe ba zafi ya busar da shi, sai yaran suka koma rubuta lambobin da tawadar allo. Tawada kuwa kowa ya sani, ruwa kaɗan ya ishe ta.

Abin da na gani a gidana cikin watannin nan ban taɓa ganin irinsa ba. Yaron da sai an bi shi da tsumagiya yake tafiya lakwal, ya zama shi ke tada ni in ba shi makullin magaza, inda suke ajiye duwatsun. Yaron da lissafi ke sa shi kuka, na same shi yana gyara wa ƙannensa rubutun lamba, yana cewa in bakwai ɗinka ta yi kama da ɗaya ka ɓata aikin mutane. Ya fara bin Mushe yana tambayar yadda ake karanta sunayen da ke ƙarƙashin hotunan da Madam ta bari. 'Ya'yan makiyaya da ke kiwo a bayan tsauni, waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, su ma suka shiga ciki, suna nuna inda ruwa ya zaftare ƙasa, shi kuma yana koya musu lamba a kan rairayi.

Wata rana muna cin tuwo ya ture akushi gefe ya zana mini layi uku a ƙasa da yatsa. Ya ce, "Baba, ka gani. Haƙora da ƙashi, ƙasa kaɗai muke samun su, cikin laka. Masu tauraro, tsakiya, cikin farin dutsi. Sama ba komi. Ba Madam ta hwaɗa muna ba, mu munka gani." Uwarsa ta ce ya ci abinci ya bar surutu. Ni dai ban fahimci duk abin da yake nufi ba, amma na ga fuskarsa, na kuma san ban taɓa ganin ɗana yana alfahari da abin da ke cikin kansa ba sai ranar.

Babban abin da aka samu, shi ya same shi. A ƙulli na can ƙasa, cikin lakar nan mai toka, ya ga wani baƙin abu ya leƙo. Bai fizge shi ba. Ya yi kwanaki yana zuwa da ƙusa da tsinken tsintsiya yana tonon gefensa a hankali, har abin ya bayyana: muƙamuƙi ne dogo, ya kusa tsawon hannun babban mutum, da haƙora jere. Mushe ya duba hotuna ya ce kada ce ta teku. Ƙashin ya tsattsage, in ka taɓa shi da ƙarfi sai ya marmashe. Yaron ya jiƙa ƙaro ya shafe shi, ya naɗe shi da tsohon zanen uwarsa, suka ɗauko shi su huɗu a kan faifai kamar jariri. Wanda bai sani ba in ya gan shi zai ce gawayi ne da laka aka ƙunshe cikin tsumma. Shi kuwa kadata yake ce mata. Kullum sai ya shiga magaza ya gaishe ta kafin ya shiga aji.

Da zafi ya yi zafi sai saƙo ya zo cewa Madam na tafe, kuma tare da wakilin sufurefe, babban jami'in hukuma na yankinmu. Nan gari ya rikice. Baƙon hukuma bai cika zuwa mana ba. Mushe ya tafi Buza tun jajibiri don ya taho da su. Alhaji ya karɓi ragamar komai, kamar yadda ya saba. Ya sa aka share gari, aka aro kujeru, aka yanka rago. Da sassafe ya sa aka kwashi yaran lakwal duka aka kai su bakin hanya, can wajen gari, su jeru su yi ta koyon waƙar maraba har baƙi su iso.

Na fito zan tafi garka sai ga shi a ƙofar gidana da babbar riga. Ya ce, "Kai, ba ni makullin magaza in ga abin da za a nuna ma baƙi." Na ciro na miƙa masa. Ban ce mi za ka yi da shi ba. Yayana ne, tun ina yaro in ya miƙo hannu sakawa nake yi. Wannan shi ne rabona a cikin abin, kuma ban taɓa ɗora wa wani shi ba. Na wuce garka na yi ban ruwa.

Da hantsi na dawo. Tun daga nesa na ji hirar mata da ƙarar bokiti a filin lakwal. Da na zagayo darni sai na ga abin da ake yi. Matan da ke yi wa Alhaji zaɓen albasa ne, zaune sun kewaye manyan kwanoni, ruwan ya yi baƙi da tawada. An juye gwangwanayen yara duka wuri ɗaya. An wanke duwatsun da garin sabulu da soso, an goge su tas, har an shafa musu man gyaɗa suna walƙiya. An shimfiɗa sababbin tabarmi uku, an kasa su kamar yadda ake kasa albasa a bakin rudu, rumbun ajiyarta: manya nan, matsakaita nan, 'yan ƙanana can. Na ɗauki ɗaya na juya. Babu lamba, babu ƙasa. Na ɗauki wani. Haka.

Na ce, "Alhaji, mi anka yi nan?"

Ya juyo yana murmushi, hannu a baya. "Gyara. Ka ga yadda yaran nan sunka tara kaya? Laka, tsumma, gwangwani mai tsatsa, babba da ƙarami wuri guda. Wanga za mu nuna ma wakilin sufurefe? A ce mutanen garin nan ƙazamai ne?"

"Lambobin fa? Alhaji, lambobin su ne aikin!"

"Wane aiki? Zanen yara? Shekara nawa ina kai kaya Abijan, kai za ka koya mini yadda ake nuna ma baƙo kaya? Koma garkarka."

Wata daga cikin matan ta ce, "Wallahi mun sha wuya, tawadar ce ma ba ta yi gardama ba." Suka yi dariya. Su ba su da laifi, abin da aka sa su suka yi, kuma sun yi shi da kyau kamar yadda suka iya.

Sai na lura babu baƙaƙen haƙoran nan, babu guntayen ƙashi, babu ƙunshin zanen matata. Na ce, "Ina fasassun? Ina abin da ke cikin tsumma?"

Ya ce, "Tarkacen? Ai ba a haɗa ruɓaɓɓe da mai kyau. Na sa an kai an cike ramin nan na bakin gari, kada motar baƙi ta kafe."

Ban san sanda na jefar da bokitin da ke hannuna ba. Na ruga da gudu, ni magidanci, takalmi ɗaya ya fice ban tsaya ba. Ina cikin gudu na ji odar mota, na ji yara sun ɗauki waƙa. Na fito bakin gari daidai lokacin da motar ta sauko gangare, yaran suna biye da ita a guje suna tafi. Na ɗaga hannu ina ihu a tsaya. Direban ya ɗauka maraba nake yi, ya ɗago mini hannu. A kan idona ƙafar gaba ta hau cikon nan, ta baya ta bi. Na ji ƙarar a cikin haƙorana. Ɗana ya wuce ta gabana yana tafi, yana dariya, ya taka wurin da ƙafarsa bai sani ba. Wannan hoton shi ne ba ya barina. Shi nake gani in na rufe ido.

Na bi su zuwa lakwal ina ɗingishi. Aka zauna, aka sha ruwa. Alhaji ya miƙe ya yi jawabi, ya ce garinmu gari ne mai son ci gaba, ya nuna tabarmin nan uku da buɗaɗɗen hannu. Wakilin sufurefe ya gyaɗa kai ya ce lalle an yi tsabta. Amma yaran, da suka matso suka ga abin da ke kan tabarmi, sai waƙa ta mutu a bakinsu. Wata yarinya ta ɗauki dutse ta juya, ta ajiye, ta ɗauki wani, sai ta fashe da kuka. Mushe ya cire tabarau ya zauna a ƙasa, a ƙasa tsagwaro, gaban baƙin hukuma. Madam ta durƙusa bakin tabarmar manya, ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta dubi man da ya shafe mata yatsu. Ta ce a hankali, "Wa ya wanke su?"

Alhaji ya bugi ƙirji. "Ni na sa, ranki ya daɗe. Ba sai kin gode ba."

Ɗana bai tsaya jin sauran ba. Ya shiga magaza da gudu, ya fito, idanunsa sun firfito. Ya zo gabana ya ce, "Baba, ina kadata?" Na nuna masa hanya da hannu.

Kowa ya bi shi, har baƙin. Muka same shi a durƙushe cikin sawun mota yana tono da farce. Madam ta durƙusa gefensa tana tayawa. Suka ciro zanen uwarsa. Da suka buɗe, gari ne baƙi kamar an daka gawayi, sai haƙori ɗaya ko biyu da suka tsira. Yaron bai yi kuka ba. Da ya yi kuka da ya fi mini sauƙi. Ya zauna yana tattara garin nan da gefen hannu kamar mai tattara gero da ya zube.

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni. Na juya na fuskanci yayana a gaban jama'a. Na ce masa duniya ba albasa ba ce. Na ce masa bai taɓa taka kwazazzabon nan ba ko sau ɗaya, bai taɓa tambayar yaro ɗaya me kuke yi ba, amma don yana da babbar riga ya ga shi ya fi kowa sanin yadda ya kamata abin ya kasance. Na ce yaran nan sun sha rana, ƙaya ta soke su, kunama ta harbi wasu, shi kuma ya zo da soso ya shafe su cikin hantsi ɗaya don wani baƙo ya ce masa madalla. Mutane suna ta riƙe mini riga. Shi kuwa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yau ni kake ɗaga ma murya? A kan duwatsu?"

Kuma ku ji abin da ya fi ƙona mini rai har yau. Dattawan gari ni suka yi wa faɗa. Suka ce na kunyata gari, na ci mutuncin babba gaban baƙi, shi ai da kyakkyawar niyya ya yi. Washegari aka tasa ni gaba har zaurensa na ba shi haƙuri. Ba wanda ya tasa shi gaba ya kai shi wurin yaran. Ba mutum ɗaya da ya ce, Alhaji, ka ɓata wa yara aiki, ka ce musu su yi haƙuri. Babba ba ya ba yaro haƙuri, haka aka ce mini. To, ni na ga abin da wannan ya jawo.

Kafin baƙin su tafi, ɗana ya yi ƙoƙari na ƙarshe. Ya ja Madam zuwa tabarmi ya ce, "Madam, na san su. Wanga mai tsaga, ƙulli na tara. Wanga kuma ni na ɗauko shi kusa ga tushen ƙaya. In kin bari sai in sake rubuta musu." Ta ce, "Ɗana, ni na yarda da kai. Amma wanda zai zo ya duba su bayan ni da kai mun mutu, bai san ka ba. In ka tuna goma daidai ka kuskure ɗaya, mun koya masa ƙarya, kuma ba zai san wace ce ƙaryar ba." Ta ce su sake daga farko, ta bar musu fenti mai yawa, ta ce za ta dawo baɗi. Idanunta sun yi ja. Ba ta ɗauki ko dutse ɗaya daga tabarmin ba. Haƙoran nan kaɗai ta naɗe a hankici, don shi da abokansa sun ga inda suka fito da idonsu, kuma lakar tana jikinsu. Naman ragon ma ba ta ci ba.

Da la'asar na sami yaron zaune a bayan rumbu. Na tsaya a kansa. Bai ɗago kai ba ya ce, "Baba, kai ka ba shi makullin?" Na ce ni ne. Ya ce, "To." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Bai sake shiga aji ba. Na lallashe shi, na yi faɗa, Mushe ya zo gida har ya gaji. Ya ce shi ba zai sake yin abin da wani zai zo ya wanke ba. Kafin ruwan farko ya sauka, shi da ƙafarsa ya je wurin Alhaji ya ce a sa shi ga mota. Ranar da suka tashi yana zaune can bisa buhunan albasa, na tsaya a bakin gari motar ta bi ta kan ramin nan ta wuce. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba na gaya maka ba na boko ba ne?" Allah ne kaɗai ya riƙe mini hannu.

Sauran yaran wasu sun sake aikin a shekara ta gaba. Yarinyar nan da ta fara kuka ita ta ja su, ta je Yamai, yau malamar lakwal ce a wajen Madawa. Amma na tsakiya kaɗai suka iya sakewa. A daminar nan wata madatsar duwatsu da furoje, masu aikin gyaran ƙasa, suka gina a bakin kwazazzabon ta tare ƙasa, lakar nan mai toka ta nutse ƙarƙashin yashi. Yanzu dawa ake nomawa a wurin, tana kyau, ni ma ina ci, ba na kushe ta. Sai dai in akwai sauran jikin kadar ɗana, yana can ƙarƙashin gonar wani. Duwatsun da aka wanke kuwa, a ƙofar zauren Alhaji suka ƙare, tsofaffi suna dara da su. Shi kuma har ya koma ga Allah yana ba da labarin a matsayin abin dariya, ranar da ƙanensa ya haukace a kan tsakuwa. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Na yafe masa tsakanina da Allah, don kada a tsare shi a can saboda ni. Amma fushin bai bi shi kabari ba, yana nan tare da ni.

Ɗana yau direba ne, furfura ta fara fito masa, yana riƙe da iyalinsa da mu duka, ba abin da zan ce sai godiya. Ba mu taɓa sake tada maganar ba. Bara ya zo gida da 'yarsa ƙarama, muka fita bayan gari da yamma ni da su. Yarinyar ta tsinci dutse mai tauraro ta taho da gudu tana kiran babanta. Tun ba ta iso ba na ji ya daka mata tsawa, "Tsaya nan! Ina kika ɗauke shi? Koma ki nuna mini wurin." Ta koma, ya bi ta, ya durƙusa, yana nuna mata fari da ja a jikin tsauni da yatsa. Na juya musu baya na yi kamar ina duban gonaki, don kada su ga fuskata. Abin yana nan cikinsa duk shekarun nan. Mu muka hana shi fita.

Abin da ranar nan ta koya mini ba shi da yawa. In ka ga yaro ya tara wani abu da kake gani kamar shara, kada ka taɓa sai ka durƙusa ka tambaye shi mene ne, ka kuma saurari amsar har ƙarshe. Girma ba ya sa mutum ya san abin da bai tambaya ba. Tun daga ranar kuma, ko wane ne ya miƙo mini hannu ya ce in ba shi makullin abin da ba nawa ba, sai ya fara gaya mini abin da zai yi da shi.